Filin Kanikanci: Kada Ka Cire Kafiretocin Motar Kakanka Tukuna

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba. Ina gaishe ka, da iyali da yaran gareji. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Kakana, Allah ya jiƙansa, ya yi harkar gyaɗa tun jirgin ƙasa na kwasar ta zuwa Kano, kuma a lokacin ne ya sayi wata 'yar mota mai kujera biyu, mai rufin tamfol, a hannun wani Bature da zai koma gida. Sunanta MGB, takardarta ta nuna 1966, sitiyarinta a dama. Ta daɗe a rumfa a bayan gida. Da aka raba gado ta faɗo a kason mahaifina, shi kuma ya bar mini. Bana na sa bakanike ya tayar da ita. Famfon manta ya ƙi aiki, sai ya sa mata wani da ya samo a kasuwa. Yanzu tana tashi, amma da ƙyar, tana baƙin hayaƙi, silo, wato tafiyar inji in ba a taka totur ba, ba ya tsayawa wuri ɗaya, mai yana ɗiga daga kafireta ɗaya, ga shan mai na tashin hankali. Kafiretocinta biyu ne, masu kai kamar ƙararrawa. Bakaniken ya ce sun gama yayi, a cire su a yi waldar manifol, wato bututun da ke kai mai da iska cikin inji, a ɗora ta Peugeot 504. Wani abokina kuma ya ce in yi odar wata da ake kira Weber. Wacce zan ɗauka?
Mai karatu daga ƙasar Ringim, Jihar Jigawa.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan kakanka, ya kai haske kabarinsa. Wasiƙarka ta faranta mini rai, domin irin wannan mota yawanci a hannun 'yan gwangwan take ƙarewa, a sassare ta a ɗora a sikeli. Kai kuwa ka tsaya kana tambaya kafin a taɓa ta. Allah ya yi maka albarka.

Amsata ita ce kada ka ɗauki ko ɗaya cikin biyun tukuna. Duk abin da ka lissafa mini, babu wanda ya nuna kafiretocin nan sun mutu.

Bari ka fara sanin abin da ke hannunka. A garin Abingdon na Ingila aka ƙera MGB daga 1962 zuwa 1980, an kuma yi fiye da 500,000. Injinta mai silinda huɗu ne, cc 1798. Sitiyarin dama da ka gani daidai yake da zamaninta, domin sai ranar 2 ga Afrilu, 1972 Najeriya ta yi canjin hannu. Kafiretocin nan masu kan ƙararrawa su ne SU, samfurin HS4, faɗin maƙogwaron kowacce inci ɗaya da rabi. Mu da muka koyi aiki a kan motocin Ingila irin su Morris da Austin mun san su sarai. Yaran yanzu ba su taso da su ba, kuma ban ga laifin bakanikenka ba don ya koma ga abin da hannunsa ya saba da shi. Amma rashin sabo da abu daban, lalacewarsa daban.

SU tana cikin kafiretoci mafi sauƙin gini da aka taɓa yi. Jet, wato 'yar ƙofar da mai ke fitowa, ɗaya gare ta tak. A cikin ƙararrawar akwai fistan, a ƙasan fistan akwai doguwar allura mai sirancewa zuwa baki, wadda ke shiga cikin jet ɗin. In ka taka totur, injin ya zuƙi iska, fistan ya ɗaga, allura ta fito daga jet, ƙofar mai ta ƙara buɗewa daidai da iskar da ke shiga. In ka saki, komai ya koma ƙasa. Shi ke nan aikinta. A saman ƙararrawar akwai baƙin murfi mai sanda, wanda ake zuba wa mai a raminsa don kada fistan ya yi tsalle farat ɗaya in an taka wuta. Motar da ta shekara da shekaru a rumfa, ramin nan ya bushe tuntuni. Ka kwance murfin, ka zuba mai marar kauri, SAE 20 in ka samu, in babu ka sa sabon man inji, har sai ka ji sandar tana ɗan turjewa in kana mayar da ita.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Ka ce an canja famfon mai. Famfon asali na wannan mota na lantarki ne, yana can baya kusa da batir, shi ne ke yin ƙas-ƙas-ƙas in ka murɗa makulli, ya yi shiru in kofunan mai sun cika. Ƙarfin turinsa bai wuce psi 2 zuwa 3 ba, kuma abin da SU ke iya riƙewa ke nan. Famfunan da suka cika kasuwa yanzu yawancinsu na motocin injekta ne, masu tura psi 40 ko fiye. In irinsu aka sa maka, 'yar allurar da ke rufe mai a kofin fulot, wato kofin man da ke gefen kafireta, ba za ta iya tare shi ba. Mai zai cika ya tumbatsa, ya ɗiga waje, sauran ya kwarara cikin inji. Baƙin hayaƙi, wahalar tashi, shan mai da ɗigar nan, duk abu guda zai iya haifar da su. Ko Weber ka ɗora a kan wannan famfo, haka za ta yi ambaliya, domin ita ma ƙarfin da take so bai wuce wajen psi 3 ba. Don haka ka fara da tambayar bakanikenka daga jikin wace mota famfon ya fito. Tsohon kuma kada a yar da shi. Sau da yawa kwantak ɗin da ke ƙarƙashin murfinsa ne ya yi tsatsa, in an goge sai ya ci gaba da aiki.

Wajen haɗa waya a kula. MGB ta kafin ƙarshen 1967 ta fito ne da batir biyu masu bolt 6 a bayan kujeru, kuma kan fositif ne ke haɗe da bodi, saɓanin motocin yau. Mai yiwuwa wani ya juya shi a baya, mai yiwuwa yana nan yadda yake. A duba kafin a jona mata kowane sabon kayan lantarki.

Maganar ɗigar mai ba ta jira. A wannan inji manifol ɗin shiga da na salansa a gefe ɗaya suke, kafiretocin suna zaune a saman ƙarfen da ke yin zafi jawur. Akwai farantin ƙarfe mai tare zafi a tsakaninsu, akwai kuma siraran bututu da ke kai man da ya tumbatsa ƙasa, nesa da salansa. Ka tabbata duk suna nan. Har sai an tsayar da ɗigar, kada ka hau ta ko zuwa masallacin Juma'a ne, kuma kada a tayar da ita kusa da madafa ko rumbu. A ajiye bokitin yashi a kusa duk lokacin da ake aiki.

Bayan famfo, sai tanki. Shekarun ajiya suna barin tsatsa da wani danƙo mai wari a gindinsa. A sauke shi a wanke, a canja tiyo, a sa filta mai gilashi kafin kafireta don ka riƙa ganin abin da ke wucewa. Ƙwayar tsatsa ɗaya in ta maƙale a bakin allurar fulot ta isa ta sa ɗiga. Man 'yan bumburutu na galan ma ka riƙa tace shi da kyalle mai tsabta in dole ta sa ka saya.

Ko an gama wannan, kada sukudireba ta taɓa kafireta sai an bi inji da wuta. Tun ina yaron gareji maigidana ba ya barin mu kusanci kafireta sai a ƙarshe, kuma har yau haka nake yi wa yarana. A auna kwamfireshan, silinda huɗun su zo kusa da juna, kada bambanci ya wuce kamar kashi 10 cikin 100. A saita bawul da fila geji a inci 0.015, inji na sanyi. Kwantak na distiribita shi ma wajen 0.015, bakin fulogi 0.025. Wayoyin fulogi su bi jerin 1, 3, 4, 2. A saita taimin. A kan manifol ɗin motar 1966 irin taka akwai wani bawul mai faɗin kai da ke zuƙe tururin inji, a cikinsa akwai faifan roba. In robar nan ta tsage, iska za ta riƙa shiga ta ɓarauniyar hanya, silo ya yi ta hawa da sauka, kai kuwa ka ce kafireta ce.

To, sai a zo kansu. Ka shimfiɗa farin buhu a inuwa, inda iska ba ta kwaso yashi, ka sa faranti biyu, kowace kafireta da nata. Kada ka haɗa kayansu, domin kowane fistan an daidaita shi ne da ƙararrawarsa tun daga masana'anta. A wanke da fetur da tsumma kawai. Samfefa ko wuƙa kada su taɓa cikin ƙararrawa ko gefen fistan, in aka kankare su an kashe kafiretar har abada. Ɗaga allurar ka juya ta a hasken rana. Lafiyayya launinta ɗaya ne tun daga sama har ƙasa. Wadda ta ci za ka ga wani siririn layi mai sheƙi a gefe guda, inda ta yi shekaru tana gogar jet. In ka ga haka, to jet ɗin ma ramin ya zama ƙwai maimakon da'ira, sai a canja su tare. Bayan an mayar, ka ɗaga fistan da yatsa ka saki. Ya kamata ya sauko sumul ya buga ƙasa da 'yar ƙara, ƙwas. In ya tsaya a hanya ko ya sauka shiru, jet bai zauna a tsakiya ba, a sassauta notinsa a daidaita. Duba kuma ɗan tiyon da ya taso daga kofin fulot zuwa gindin jet, yana bushewa ya tsage da tsufa.

Wuri ɗaya da SU ke ci da gaske shi ne sandar totur, inda take juyawa a jikin kafireta. Kama ƙarshenta ka girgiza. In tana kaɗawa, iska na shiga ta nan. Ga gwaji mai sauƙi: inji na silo, ka shafa giris mai kauri a bakin ramukan biyu, in ka ji muryar inji ta canja, ka kama ɓarawon. Wannan ma ba mutuwa ba ce, masu injin juya ƙarfe a Kano za su sa mata bushi na tagulla. Sandar, allura, jet, gasket da allurar fulot duk har gobe ana yin sababbinsu. Kamfanin Burlen da ke Salisbury a Ingila shi ke ƙera kayan SU yanzu, kuma saitin gyara na HS4 biyu ƙaramin ƙunshi ne da ɗan'uwa mai dawowa zai sako a jaka. Tiyo, filta, kilif da fulogi kuwa, Ƙofar Ruwa ta ishe ka.

Saiti shi ne abin da ke tsorata mutane, alhali kunne kawai yake so da haƙuri. Kafireta biyu kamar shanun huɗa ne, in ɗaya ya fi ɗaya ja, kunya ba za ta miƙe ba. A ƙasan kowacce akwai noti mai gefe shida. Murɗa shi sama har bakin jet ya yi daidai da dandamalin maƙogwaro, sannan ka sauko da shi zagaye biyu cif. Daga nan ake farawa. A tayar da inji ya yi zafi, a cire iyakilina, wato matatar iska, a sassauta maɗaurin da ya haɗa sandunan totur biyu. Ɗauki guntun tiyo, kai ɗaya a kunnenka, ɗaya a bakin kafireta, ka saurari shuuu ɗin iska. Koma ɗayar, a daidai wuri guda. Ka yi ta juya sukurorin silo har ƙarar ta zo ɗaya, inji na tafiya a hankali ba ya kakkarwa, sannan ka ɗaure maɗaurin. Sai gwajin mai. A gefen kowace kafireta daga ƙasa akwai ɗan fil da ke ɗaga fistan. Tura shi kaɗan, abin da bai kai milimita ɗaya ba. In inji ya ɗan ɗaga murya ya dawo, saiti ya yi. In ya ɗaga ya zauna a sama, mai ya yi yawa, murɗa notin sama. In ya nemi mutuwa, mai ya yi kaɗan, sauko da shi. Gefe ɗaya-ɗaya ake juyawa, ba zagaye ba. Bayan ka yi tafiya mai ɗan nisa, cire fulogi ka duba: ruwan ƙasa-ƙasa shi ake nema, baƙi mai toka mai ya yi yawa, fari fat kuwa haɗari ne ga bawul.

Yanzu ga shawarwarin da aka ba ka. Ta 504, wato Solex, kafireta ce mai kyau a motarta, kuma girman inji ba shi ne matsala ba, domin 504 ta farko ma cc 1796 ce. Matsalar ita ce Solex daga sama take shan iska ta tura ƙasa, SU kuwa a kwance take shaƙa daga gefe. Kan injin MGB ƙofofin shiga biyu gare shi, kowace tana ciyar da silinda biyu. Manifol ɗin da mai walda zai haɗa da bututun ruwa ba zai raba mai daidai tsakaninsu ba, kuma da wuya a rasa ɗan ramin da iska za ta bi. Ga bonet ɗin motar a ƙasa yake. Da an ɗora Solex da iyakilinarta ba zai rufu ba, abu na gaba sai ka ji an ce a yanka bonet ko a bar ta ba iyakilina. Na ga motocin da aka yi wa haka, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da na gani.

Weber kuwa sunan Edoardo Weber ne, wanda ya kafa kamfaninsa a Bologna ta Italiya a 1923. Iri biyu ake ɗora wa MGB. Akwai 32/36 DGV, mai maƙogwaro biyu, ƙaramin na aiki kullum, babban sai an taka totur sosai yake buɗewa. Tana zuwa da manifol ɗinta da aka zuba don wannan inji, tana shiga ƙarƙashin bonet, kuma in an saita ta ba ta cika neman a sake taɓa ta ba. Wannan ita ce fa'idarta, ba zan ɓoye maka ba. Amma ba za ta ba ka ƙarfin da SU biyu masu lafiya ba su ba ka ba, kuɗinta ya ninka na saitin gyara, ga jabu sun yi yawa. Ɗayar, 45 DCOE, ta masu tsere ce. Sai inji na kururuwa take nuna kanta, tana shan mai, kuma yawanci ba ta da wurin jona tiyon iska na distiribita. Motar da tsakaninta da ƙasa bai fi inci 5 ba, a kan hanyar burji ta ƙauye, ina za ta kai wannan gudun?

In an buɗe SU ɗinka aka tarar gangar jikin ta tsage ko wani ya taɓa kankare ƙararrawar, to a lokacin ka nemi wasu HS4 na hannu, in ba a samu ba ka ɗauki DGV ta gaske da cikakken saitinta, mai cok na hannu, wato abin da ake ja don tayar da inji da sanyi. Ko hakan ta faru, ka shafe tsofaffin da mai, ka naɗe su da manifol ɗinsu da sandunansu ka adana a ɗaka. Darajar tsohuwar mota a kayanta na asali take, kuma duk mai sayen da ya san ta su zai fara tambaya.

Ko wacce ce a kai, iyakilina mai takarda a cikin gwangwaninta dole ce. Raga-ragar nan masu sheƙi da ake gani a hotunan motocin Turai ba don ƙasarmu aka yi su ba. Ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta cinye ringin inji.

TAMBAYA: Malam, ina da 504 a-kori-kura da nake ɗaukar hatsi zuwa kasuwar Dambatta. Tun da aka cire tallafin mai abin ya fi ƙarfina. An ce in sa mata kafiretar ƙaramar mota, wai za ta rage sha. Gaskiya ne?
Wani Alhaji daga ƙasar Kazaure.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Tun 29 ga Mayu, 2023 babu tambayar da ta fi wannan zuwa garejina, kuma na san zafin da ke sa a yi ta. Amma ba na ba ka shawarar haka. Nauyin buhunan da ke bayan motar ba ya raguwa don an canja kafireta. Ƙaramar za ta shaƙe injin, ka koma taka totur har ƙasa da zama a giya ta biyu, man da ka so ka tsimi ya tafi a nan. In kuma man ya yi wa iskar kaɗan, inji zai riƙa zafi, bawul ɗin salansa ya ƙone, ka biya kuɗin sauke kan inji a tsakiyar kaka, lokacin da motar ta fi kawo maka kuɗi.

Motar nan tun 1975 aka fara haɗa 'yan'uwanta a Kaduna, kayanta da masu gyaranta ba su yanke ba. A wanke Solex ɗin da ke kai, a duba tsayin fulot, a tabbata cok yana buɗewa gaba ɗaya bayan inji ya yi zafi, a karanta lambar da ke jikin jet ko wani ya taɓa faɗaɗa shi da waya. Sabon kwantak da fulogi, taimin daidai, iyakilina mai tsabta, iskar taya cikakkiya, birkin baya kada ya riƙa kamawa. Sannan ka cika tanki, ka rubuta tafiyar da ka yi har ka sake cikawa, kafin gyara da bayansa, don ka ga bambancin da idonka.

TAMBAYA: Oga, Golf 3 nake haya da ita tsakanin Gwarzo da Kano. Injektarta na ba ni wahala, ana ta ce mini in mayar da ita kafireta.
Direba daga Gwarzo.

AMSA: Ɗan'uwa, ana yi, motar kuma tana tafiya, amma yawanci shan mai ƙaruwa yake yi, domin ka cire burenbos ɗin da ke auna mai da wuta gwargwadon zafin inji da nauyin tafiya. Ga kuɗin manifol, distiribita da famfo mai ƙaramin ƙarfi da dole a canja. Tun da kullum kana shiga Kano, ka ware rabin yini a sa mata kwamfuta. A auna ƙarfin famfo, a canja filtar mai, a wanke nozul, a gwada sensar zafin ruwa da ta salansa, a bi wayoyin da zafi ya busar. In an gama ka rubuto mini abin da aka samu da lambar injin, sai in faɗa maka mataki na gaba.